Daga Damagaram zuwa Maraɗi a kan keke: wane shiri, kuma ina ake kwana?

Ɗan Garin Malam:
Assalamu alaikum, manya. Ina da niyyar hawan keke daga Zinder (Damagaram) zuwa Maraɗi cikin hunturun nan, in Allah ya yarda, in jiki ya ɗauka kuma in zarce Ƙonni. Abu uku nake son sani. Wane irin keke ne ke jure hanyar, me zan ɗauka, kuma yaya ake neman masauki a ƙauyen da ba ka san kowa ba, ba tare da ka zame wa mutane nauyi ba?

Mai Gyara na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in ɗauki ɓangaren keken.

Nemi keken gwanjo mai giya, mai ƙafa lamba 26, jikin ƙarfe. Dalili biyu ne. Taya da tub na 26 kusan kowace kasuwar kan hanya akwai su, kuma in ƙarfe ya tsage kowane mai walda zai haɗa maka, alhali jikin alminiyam sai mai injinsa na musamman. Phoenix mai ƙafa 28 yana da ƙarfi, ba musu, amma giyarsa ɗaya ce, ranar da iska ta juyo maka gwiwa ce za ta biya.

Abin da ya fi lalacewa a doguwar tafiya ƙafar baya ce. A ce sifok (siraran wayoyin ƙafar keke) 36 gare ta, kuma ka sa a ɗaure su daidai kafin ka tashi. Wanda ya saki shi ke fara karyewa, galibi a ɓangaren sarƙa, sai nauyinsa ya koma kan maƙwabtansa su ma su bi shi. Ka ɗauki guda 6 na ajiya, ka ɗaura a jikin keken. Kaya kada su wuce kilo 20 har da ruwa, kuma ka raba su gefe biyu na kariya (wurin ɗora kaya a bayan keke), masu nauyi a ƙasa. In ka jibga su sama, kan keken zai riƙa rawa a gangara.

Kayan aiki: famfo, tub 2, faci da solisho, ɗan sanfefa, sifana 8, 10, 13 da 15, filaya, ɗan man inji da tsumma. Sayi duka a Kasuwar Dole, ka gwada famfon da bakin tub ɗinka tun a gida, don bakin tub iri-iri ne.

Kan kwalta ba a cika samun faci ba. Ana samunsa ne lokacin da mutum ya sauka gefen hanya neman inuwa, ya bi ta kan tsidau ko ƙayar aduwa. Saboda haka in za ka ƙarƙashin itace, ɗaga keken ka kai shi. In tayar ta sace, bayan ka ciro tub ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali har ka sami ƙayar, in ba haka ba sabon tub ma zai huje nan take. Goge wurin da sanfefa, shafa solisho kaɗan, ka jira minti 3 zuwa 5 ya daina sheƙi, sannan ka manna ka danne. Gaggawar mannawa kan ɗanyen solisho ita ke sa faci ya ɓamɓare da rana ta yi zafi. Sarƙa kuwa, ƙurar hunturu da mai in sun haɗu suna cin ta, don haka kowace yamma ka goge ta, ka ɗiga mai kaɗan, ka sake gogewa.

Hajiyar Zango:
Ɗana, ka zaɓi lokaci mai kyau. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska daga arewa maso gabas take tasowa, kai kuma yamma ka nufa, za ta tura ka. Amma ka sani dawowa za ka fuskance ta, ka ƙara kwana ɗaya a lissafi ko ka ɗora keken a mota. Kada ka bari ta kai ka Afrilu, zafi yana wuce digiri 40.

Tsakanin Zinder da Maraɗi kusan kilomita 240 ne, Tasawa na kusa da tsakiya. Kwana uku ya dace da sabon hannu, wato wajen 80 a yini. Garuruwan a jere suke: Tirmini, Takeita, Mai Jirgi, Tasawa, Gazawa, Agye, Cadawa. Ka tashi bayan asuba, ka tsaya in rana ta take, ka ci gaba bayan azahar, kuma tafiyar dare ka bar ta sam. Manyan bas da tireloli ba sa ganin mai keke cikin hazo. In ka ji babbar mota a bayanka, wata kuma na tahowa gabanka, sauka gefe kawai.

Ruwa za ka sha lita 5 zuwa 6 a yini, amma ba sai ka ɗauke shi duka ba, lita 3 sun isa tsakanin gari da gari. Cika a famfo, ka guji ruwan tabki. In kai ya fara sara, fitsari ya yi ja, zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ka sha. Guzuri: dabino, ƙuli-ƙuli, garin rogo da sukari. Fura za ka samu a hanya. Ka tafi da bargo da man shafawa, sanyin asuba na tsaga leɓe da dunduniya.

Malam na Birni:
Tambayarka ta uku ita ce babba, kuma masu keke sun fi yin kuskure a nan.

Mutanen karkararmu ba sa barin matafiyi ya kwana a fili, baƙonka annabinka ake cewa, kuma da gaske suke yi. Amma shiga gari yana da ladabinsa. Ka iso da sauran rana, tsakanin la'asar da magariba. Wanda ya faɗo gari cikin duhu yana tayar da hankalin mutane, musamman a shekarun nan da maganar tsaro ta sa kowa ya yi hattara. Sauka daga keken tun bakin gari, ka tura shi da hannu, cire tabarau da rawanin da ya rufe fuska. Yi sallama ga dattawan da ka fara tararwa, ka gama gaisuwa tukuna, sannan ka ce a nuna maka gidan mai gari. Gare shi za ka faɗi sunanka, garinku, inda ka nufa, ka nuna katin shaidarka tun ba a tambaya ba. Shi zai ce zaure ko ɗakin baƙi. Kada ka shimfiɗa a masallaci sai da izinin liman, kuma kada ka wuce zaure zuwa cikin gida sai an ce ka shigo.

Za a kawo ruwa, sha ko da ba ka jin ƙishi. Za a kawo tuwo, wataƙila daga gida biyu ko uku, ka taɓa kowanne. Ka tuna hatsin da ke cikin kwanon nan daga rumbun da zai kai su damina aka ɗebo shi, don haka ka ci daidai, kwana ɗaya ka wuce. Kuɗi kada ka miƙa wa mai masauki a matsayin ladan abinci, zai ji ka mayar da gidansa wurin haya. Ka tafi da ganyen shayi, sukari da goro a ƙananan ƙulli, da safe ka ba shi wajen sallama. Hoto kuma sai ka nemi izini, na mata ka bar shi gaba ɗaya.

Hajiyar Zango:
Malam, a kan kuɗi ina da ɗan gyara. Mai gida kam ba a ba shi, gaskiya ne. Amma matar da ta yi daka ta tuƙa tuwon, ita ma ta yi wahala. Ana iya ba yaron gidan dala ɗari ko sabulu a ce a kai wa uwar gida, an gode. Wannan ba ya ɓata wa kowa rai. Kuma ɗana, karɓi lambar wayar mai masaukinka, in ka isa Maraɗi ka kira ka ce ka sauka lafiya, don za su zauna da tunaninka.

Mai Gyara na Sabon Gari:
Na manta abu biyu. Riƙe takardar sayen keken tare da katinka, jandarmomi na iya tambaya a shinge. Sannan kafin ranar tafiya, ɗaura kayan duka ka je Mirya ka dawo, kusan kilomita 36 ke nan. A nan za ka gane ko tsayin sirdi ya yi: in ka ɗora dunduniya kan feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai. In gaban gwiwa na ciwo, sirdin ya yi ƙasa, ɗaga shi kaɗan ka sake gwadawa.