Kitsen hanta ko maiƙon hanta? Mu tsayar da ɗaya

Jama'a, ana ta yaɗa cewa ruwan bitirut, jan tushen nan mai rina hannu, yana maganin abin da likitoci ke kira "fati liba". Kafin a shiga gardamar magani, ita cutar ma ba ta da tsayayyen suna a Hausa. Sunaye uku ke yawo.

"Ciwon hanta" dai a bar shi. Hefatayitis B da C sun riga sun mallake shi. Ka faɗa wa mutum haka, sai ya ɗauka zai shafa wa iyalinsa, alhali wannan ba ta yaɗuwa.

"Maiƙon hanta" ya fi daɗin faɗa, amma shi na fi tsoro. Maiƙo a sama yake tsayawa, sabulu da ruwan zafi sun isa su fitar da shi. Wannan kuwa ɗigo-ɗigon mai ne a cikin ƙwayoyin hantar kansu, in ya haura kashi 5 cikin 100 na nauyin hantar an kamu. Ƙiba da ciwon sukari da yawan shan zaƙi ke kawo shi, ko mutum bai taɓa kurɓar giya ba. Duk wanda ya ji "maiƙo" abin "wankin hanta" zai nema, nan masu tallar ruwan bitirut ke samun ƙofa.

Ba wai bitirut ɗin banza ba ne. Yana ɗauke da sinadarin betayin, wanda ya rage kitse a hantar ɓerayen gwaji. Amma da aka ba mutane sinadarin tsawon shekara guda, a wani bincike da aka wallafa a 2009, bai taɓuka abin a-zo-a-gani ba. Abin da ya tabbata shi ne rage kashi 7 zuwa 10 na nauyin jiki.

Ni dai "kitsen hanta" na zaɓa. Kowa ya san kitse a hankali yake taruwa, kuma sai an rage ci an motsa jiki yake zagwanyewa. In hantar ta kumbura, a ce "kitsen hanta mai kumburi".

Wani zai ce ai masana sun cire kalmar kitse daga sunan Turancin a 2023, don gudun tsangwamar marasa lafiya. Haka ne, amma a Hausa ban ji zagi a cikinta ba.

Likitocinmu, in kun faɗa wa mara lafiya "kitsen hanta", yana ganewa kai tsaye, ko sai kun ƙara bayani?