Don Allah ku ba ni shawara, littafi ya hana ɗana barci kuma ya haɗa ni da surukata

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a jagule. Babanmu ya rasu bara da azumi, Allah ya jiƙansa, tsohon malamin firamare ne. Da aka zo rabon kayansa yayyena suka kwashi abin da suka kwasa, har keken ɗinkin Innarmu wata ta ɗauke, ni kuwa aka turo min akwatin ƙarfe na littattafai, wai ai ni ce 'yar boko. Ban ce komai ba, har yau kuma ban ce ba, Allah yana gani. Gara ta cinye kusan rabinsu, sauran na shanya a rana na goge na mayar.

To Sadik waya ce ta cinye shi, har malaminsu ya kira ni. Na ƙwace wayar, na buɗe masa akwatin na ce ga abin yi nan. Ya fara da Magana Jari Ce, yana karantawa yana ƙyaƙyata dariya shi kaɗai, na ce alhamdulillahi. Sai ya ɗauko Shaihu Umar. Kwana uku ya gama, da fitilar caji a cikin gidan sauro. Tun daga nan ba ya yarda a aike shi shago bayan magariba, da dare kuma sai ya jawo katifarsa ya dawo bakin ƙofata. Wai ya ga an sace Umar yana ƙarami, uwarsa ta fita nemansa ita ma an sayar da ita.

Wannan duk da sauƙi. Ranar Juma'a muna gidan Hajiya, surukata, ga baƙi cike da falo, sai yaron nan ya buɗe baki ya ce, "Hajiya, mu kakanninmu su ne masu kama bayi ko su aka kama?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajiya ta aje kofin hannunta ta shige ɗaki, har muka tafi ba ta fito ba. Maigida ya ce in kulle akwatin. Shi kuma yaron kullum roƙona yake in samo masa wani irinsa, labarin da amma mai daɗi. In kulle ne, ko in nemo masa wani? Wanne?

Ummu Hanan:
Wa alaikumus salam. Shekarunsa nawa ne, ba ki faɗa ba. Kuma ke kin karanta littafin kafin ki ba shi?

Malam Na-Zariya:
Maman Sadik, ki kwantar da hankalinki, babu abin da ya sami ɗanki illa karatu ya shige shi. Shekara 31 ina koyar da Hausa, na san abin da nake faɗa. Littafin nan na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, ya rubuta shi tun yana malamin makaranta a Bauci, kafin siyasa. A 1933 aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a Hukumar Fassara ta Zariya ƙarƙashin Rupert East, daga cikinta aka fitar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Idon Matambayi, Jiki Magayi da shi Shaihu Umar. Don 'yan makaranta aka yi su. Mu mun karanta shi da ƙafa ba takalmi, ba wanda ya haukace. Yaron da ya ji tsoro don an sace Umar ya fi min yara goma da za su haddace sunayen sarakuna su zubar ranar jarrabawa. Kada ki kulle komai. Ki ba shi Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, akwai yaƙin Kwantagora da Turawa a ciki, jarumta ce zalla, za ta wanke masa tsoron.

Ummu Hanan:
Malam, da girmanka, zamaninku daban. Lokacin da kuka karanta shi satar yaro labari ne na da. Yanzu yaro yana jin an kwashe ɗalibai daga makaranta a rediyo da safe, da dare kuma ya karanta an sace wani an tsallaka da shi hamada. Ta yaya zai raba su? Ni dai da nawa ne zan ɗauke littafin, in riƙa yi masa addu'o'in kwanciya barci, in ba shi tarihin Annabawa da Sahabbai. In ma na gida ake so ga Nana Asma'u 'yar Shehu, da yadda ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna koyar da mata. Wannan tarihi ne na gaskiya, ba ƙage ba.

Maman Sadik:
Shekararsa 11, zai shiga 12 bayan babbar salla. Kuma don Allah kada a ɗauka ban san tarbiyya ba, yana zuwa Islamiyya, izu 9 gare shi. Ban karanta littafin duka ba gaskiya, a makaranta mun yi shi amma wajen da kura ta cinye ɓarawon yaron kawai nake tunawa. Amma littafin Babanmu ne, Babanmu ba zai aje abin banza ba.

Anti Bilki:
Ke ki gode wa Allah naki tarihi yake karantawa. Tawa 'yar shekara 14, na kama ta a wani zaure na WhatsApp da ake biyan kuɗi a turo littafin soyayya shafi-shafi. Abin da na gani a ciki ko ni mai 'ya'ya biyar sai da na rufe ido. Kuɗin tara da nake ba ta ashe can yake tafiya. Na gaya wa ubanta ya ce ni na saya mata wayar. Ni na saya, amma wa yake sa mata data? Mu yi musaya in kina so, ki ba ni Sadik.

Malam Na-Zariya:
Ummu Hanan, "ƙage" da kike faɗa da raini shi ne ƙofar. Ki ce wa yaro Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, sun ci Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Zai gyaɗa kai ya manta kafin la'asar. Amma sa masa yaro sa'ansa a cikin ayarin masu hijirar nan, ƙafa ta kumbura, jakin ya mutu, uwa tana goye da ƙaninsa, to har ya tsufa ba zai manta Burmi ba. Aikin ƙagaggen labarin tarihi ke nan. Kuma Nana Asma'u da kika kawo, waye ya rubuta wa yara labarinta yadda za su kasa ajewa? Ki nuna min. Laifinmu ne mu marubuta da malamai, muka bar fagen.

Baban Walid:
Malam ni fa Ganɗokin nan ina da ja a kansa. Rabinsa na farko yaƙi ne, daga nan sai a koma ƙasar aljannu, mutum ɗaya yana karkashe runduna. Ɗan yayata a jarrabawa aka ce ya faɗi yadda aka ci Kwantagora, ya zauna ya zuba musu aljannu. Yaro ba ya sanin inda gaskiya ta tsaya. Ita Maman Sadik ta kai shi Gidan Makama in a Kano take, ya ga kayan yaƙi da hotuna da idonsa, ta zaga da shi ganuwa. Ya fi littafi.

Malama Rabi:
Ku kuna maganar wane littafi za a ba yaro, mu a makarantar da nake koyarwa ɗakin karatu ma an mai da shi wajen aje buhunan siminti. Iyaye suna biyan kuɗin laburare kowane zango. Wata uku ba a biya mu albashi ba, aka ce in koyar da tarihi bayan ni lissafi na karanta. Allah dai ya kyauta.

Ɗan Arewa Dogonduci:
Salamu alaikum daga Nijar. Maman Sadik, mu nan muna da Sarauniya ta Lugu, wadda ta tsaya wa sojan Faransa na Voulet da Chanoine a 1899, lokacin da suka taho suna ƙone garuruwa. Abdoulaye Mamani ya yi littafi a kanta a 1980, da Faransanci, daga baya aka yi fim. A lakwal, wato makaranta, duk mun san ta ta nan. Amma in ka zo ka zauna da tsofaffin yankinmu, abin da za su ba ka bai kai yadda littafin ya ƙawata ba, wani wurin ma ya saɓa. Ni ban ga laifi ba. Littafin ne ya sa na je na tambayi kakana, da ban karanta ba da ban tambaya ba. Ɗanki ma abin da ya yi ke nan, sai dai ya yi a gaban baƙi.

Maman Sadik:
Baban Walid ba a Kano muke ba, kuma maigida ba mai barin a yi tafiya ba ne haka kawai. Sadik kuma ba ya rikita aljani da mutum, yaro ne mai kai, shi ya zo na 3 a ajinsu.

Bari dai in faɗi abin da ban faɗa ba, tunda ba a san ni ba a nan. Kakar Hajiya ta wajen uwa kawo ta aka yi tana yarinya, ba 'yar garin ba ce, ba a san danginta ba har ta rasu. Kowa a dangin ya sani, ba mai furtawa. Ni ma wata kishiyar Hajiya ce ta fesa min ana gobe bikina. Wallahi ban taɓa gaya wa Sadik ba. Amma yanzu Hajiya gani take ni na sa shi, saboda wata 'yar magana da ta shiga tsakaninmu kan sunan jaririyata.

Anti Bilki:
Taɓɗi. To ai wannan ba maganar littafi ba ce 'yar'uwa. Ki dafa abu mai kyau ki aika mata, ki bi baya ki durƙusa. Ko ba ki yi ba ki ce kin yi kuskure. Zaman aure ya gaji haka.

Malam Na-Zariya:
Ban yarda ba. Haƙurin me za ta bayar? Gida nawa ne a ƙasar Hausa babu irin wannan kakar? Manyan sarakuna nawa ne 'ya'yan ƙwaraƙwarai? Turawa sun ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, wato littafin Shaihu Umar ya riga dokar fitowa. Jiya-jiya ne. Mutane sun yi murgu sun fanshi kansu da guminsu, wannan abin alfahari ne ba abin ɓoyewa ba. Ki zaunar da yaron ki gaya masa gaskiya: a jininsa akwai wanda ya kama, akwai wadda aka kama, kamar kowa. Mu muke mai da abin kunya da shirunmu.

Ummu Hanan:
Malam, ka ce ta gaya masa, gobe ya je makaranta ya faɗa, jibi yara su fara kiransa da sunan da kai ma ba za ka so a kira jikanka da shi ba. Ranar da zai nemi aure kuma a tono. Kai kana Zariya, ita ce za ta zauna da su. Sirrin gidan miji ba nata ba ne da za ta buɗe.

Malam Na-Zariya:
Da irin wannan tsoron muka kai inda yaranmu suka fi sanin sarakunan Ingila a kan Muhammadu Rumfa. Na gama magana.

Maman Sadik:
Na gode duka. Anti Bilki ba zan durƙusa a kan abin da ban yi ba, na sha yi a baya ba abin da ya canza. Malam ni ma ba zan iya gaya masa ba, ba hurumina ba ne. Kuma ban yi nadamar buɗe akwatin ba, ko yanzu aka dawo da ranar zan buɗe, ya fi wayar sau dubu. Maigida ya karɓi mukullin jiya da dare, bai san Shaihu Umar ɗin ba ya ciki ba, na gan shi ƙarƙashin katifar yaron na yi kamar ban gani ba. Har yanzu dai ba wanda ya faɗa min littafi ɗaya da zan ba ɗan shekara 11 wanda ba aljannu kuma ba sayar da uwa.

Baban Walid:
Wa ke da Ganɗoki a waya ya turo min, gardamar nan ta sa ina son in sake dubawa.

Maman Sadik:
Yanzu Hajiya ta aiko ɗan aikinta wai a turo mata Sadik shi kaɗai. Ya tafi tun bayan la'asar, ga shi ana kiran magariba bai dawo ba. In bi shi ne ko in jira?