Ofis a saman Cocoa House ko in zauna a Sabo? Ina neman shawara

Dan_Sabo: Assalamu alaikum. Ƙaramin kamfanin shirya tafiyar Umara gare ni a Ibadan, mu huɗu ne, shagonmu na Sabo ya yi mana kaɗan. An yi mini tayin ɗaki biyu a Cocoa House da ke Dugbe, sama da hawa na 15. Yawancin masu zuwa wurinmu dattawa ne, wasu da sanda suke dogarawa. In karɓa ko in nemi wuri a ƙasa? Ƙarshen wata ake son amsa.

Na_Dugbe: Wa alaikumus salam Alhaji. Ai ba ƙaramin gida aka yi maka tayi ba. A 1965 aka gama shi, hawa 26, tsayinsa mita 105. Kuɗin koko da roba da katako na tsohuwar Jihar Yamma aka zuba a ciki, shi ya sa sunansa na farko Ile Awon Agbe, wato gidan manoma. Tun zamanin Awolowo aka faro maganar, a hannun Akintola aka kammala, kamfanin Cappa and D'Alberto ne ya yi aikin. Yanzu yana ƙarƙashin kamfanin Odu'a, har gidan tarihi suka buɗe a can sama. Shi ne dogon bene na farko a Afirka ta Yamma.

Malamin_Tarihi: Ka yi daidai ban da ƙarshen. Independence House na Legas ya riga shi tashi, tsayi ne kawai Cocoa House ya ɗan ɗara shi. In kuma asalin dogayen benaye ake nema, sai an koma Shikago ta Amurka: ginin Home Insurance na 1885, hawa 10 kacal. Abin da ya sa ake ƙirga shi na farko, ƙarfe ne ke ɗauke da nauyinsa, ba kaurin bango ba. An rushe shi a 1931.

Gambo_Mokola: Bawan Allah ya tambayi hanyar Dugbe, an sauke shi a Shikago ba biza.

Injiniyan_Lif: Alhaji, a tsohon bene lif ake haya, ɗaki kyauta ne. Kafin ka ba da ko sisi, ka nemi a kai ka ɗakin injin lif. Ka duba allon sarrafawa, na zamani ne ko tsohon mai rilé (makunnan lantarki irin na da) da kayan gyaransa suka ƙare a kasuwa. Ka tambayi shekarar da aka canza igiyoyi. Yawanci huɗu ne zuwa shida, kuma tare ake canza su, in aka sa sabuwa ɗaya cikin tsofaffi ita za ta ɗauki nauyin ta ci kanta da wuri. In ka ga jan gari kamar tsatsa yana fita daga cikin igiya, ta bushe daga ciki ke nan. Sai na'urar ceto mai batir: idan an ɗauke wuta ita ke jan lif zuwa hawa mafi kusa ta buɗe ƙofa. Babu ita, mutane suna rataye har sai janareta ya tashi. Ka ce a kashe wuta a gabanka a gwada.

Mai_Takardu: Duk wannan dube-duben bai hana komai. Akwai wani tsohon bene a Legas, ba zan kira suna ba. Ranar duba ɗaki lif uku na aiki, an shafe bango da fenti. Bayan wata biyu saura ɗaya, shi ma ya kwanta wata bakwai. Hawa na 12, matakala sama da 250 kullum, kuma kuɗin hidima ba a fasa karɓa ba. Ruwa kuwa, duk mita 10 na tsayi sai famfo ya ƙara ƙarfin turi, saboda haka bututun ƙasa-ƙasa ne ke shan matsi. Na ƙarfe ne tun na asali, tsatsa ta cinye shi ta ciki. Ya fashe daren Asabar, ba a gani ba sai Litinin. Fasfo da takardun mutane duk sun jiƙe, silin ya rufto kan kwamfutoci. Mai gida ya ce a duba yarjejeniya, ashe an rubuta cewa kayan ɗan haya ba ruwansa da su. Kuɗin ajiya har yau shiru. Allah Ya isa.

Hajiya_Bodija: Innalillahi. Fasfon mutane fa? Wa ya biya sabuntawa?

Mai_Takardu: Wa zai biya, Hajiya, in ba ɗan haya ba? Da aka matsa, sai aka ce a haɗa naira miliyan 11 na igiyoyin lif ɗaya.

Injiniyan_Lif: An yi muku ciwon kai. Lif mai hawa 12, igiya da aiki bai kamata ya wuce miliyan 4 ba.

Alhaji_Sango: Miliyan 4 a wace shekara, Injiniya? Da dala ake shigo da ita. Kuma kuɗin hidima da ake cewa sulusin haya ne, a benaye masu janareta yanzu har ya kan zarce hayar kanta, dizal ke cinye shi.

Na_Dugbe: Abin da ya fi lif muhimmanci wuta ce. Ranar 9 ga Janairun 1985 gobara ta kama Cocoa House daga hawan sama, sai 1992 aka sake buɗe shi bayan gyara. Benen kamfanin sadarwa na NET a Legas ma ya ƙone a 1983. Tsanin motar kashe gobara da wuya ya wuce mita 30, wajen hawa tara ko goma. Sama da nan, bututun ruwan cikin ginin ne gatanka. A kowane dogon bene, buɗe akwatin tiyo ka murɗa ka ga ko ruwa zai zo. Ka sauka ta matakalar gudu tun daga hawanka har ƙasa, ka tabbata ba a garƙame ƙofa da kwaɗo ba, ba a mai da wurin sito ba. Wayar da aka ja don fanka da ƙwan lantarki, in aka ɗora mata na'urar sanyaya ɗaki biyar, zafi take yi cikin bango.

Mai_Takardu: Masu karatun littafi ke nan. Wanda bai taɓa hawa bene da jarkar ruwa ba ya bar ba da shawara.

Injiniyan_Lif: Haba Malam. Gini ɗaya ka sani, shi ma ba wanda ake tambaya ba.

Dan_Sabo: Na gode ƙwarai. Amma maganar dattawan fa? Za su yarda su shiga lif kuwa?

Gambo_Mokola: Wanda zai hau jirgi zuwa Jidda? Ka ce musu bita ce.

Alhaji_Sango: Alhaji, ta hannun wa tayin ya zo? In dillali ne, ka nufi ofishin masu kula da ginin kai tsaye. La'ada kashi 10, lauya kashi 10, ga kuɗin ajiya, ga na "duba ɗaki" tun ba ka ga makulli ba.

Hajiya_Bodija: Kashi 10 ai da ne. Yanzu dillali uku ke jeruwa kan shago ɗaya, kowa da nasa kason. Ko a Sabon ma haka ake yi, kuma 'yan'uwanmu ne.

Mai_Takardu: Lauyan ma na mai gida ne, kai ke biyansa ya rubuta abin da zai kashe ka.

Alhaji_Sango: To wa ya san dillalin da ke ba da rasit?