Ɓeran Masar ɗina ya daina ci, kuma babu likitan da ya san irinsa a kusa

Mai Kiwo Funtua:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san ɓeran Masar. Namiji ne, shekara ɗaya da rabi. Watanni biyu da suka wuce nauyinsa giram 950 ne, yau na ɗora shi a sikelin kicin ya nuna 780. Tun shekaranjiya yake zuwa wurin abinci, ya shinshina, ya ɗauka ya yar. Yana takure a lungu, gashinsa ya tashi, idan zai yi tafiya sai ya riƙa tsalle da ƙafafun baya a haɗe, in an ɗaga shi ya yi ƙara. Haɓarsa a jiƙe take. Kashinsa ya ragu sosai, ƙanana kuma busassu. Babu zawo, babu majina.

Abincinsa tun da damina ta ɗauke: dusar masara, abincin zomo na buhu, da busasshiyar harawa. Keji ɗaya suke da zomaye biyu.

Masu duba dabbobi a nan shanu, tumaki da kaji suka saba da su. A wani shagon maganin dabbobi an ce a yi masa allurar Penstrep, wani kuma ya ce in fasa Ampiclox in zuba masa a ruwa. Ban ba shi komai ba tukuna. Me ya kamata in yi, kuma ina zan kai shi?

Likitan Ƙananan Dabbobi:

Wa alaikumus salam. Malam, da ka tsaya ba ka ba shi ba, ka yi daidai. Kada Penstrep ko Ampiclox su shiga jikinsa. Ɓeran Masar yana narkar da ciyawa ne da taimakon ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin babban hanjinsa. Magungunan dangin penicillin suna share waɗannan ƙwayoyin, sai wata muguwa mai suna Clostridium ta samu fili ta yaɗu, ta saki guba. Bayan 'yan kwanaki sai zawo da kumburin ciki, yawanci kuma mutuwa ce ke biyo baya, ko an daina maganin. Rubuta waɗannan a takarda, ka nuna wa duk wanda zai taɓa shi: penicillin, ampicillin, amoxicillin, Ampiclox, Augmentin, Penstrep, lincomycin, clindamycin, erythromycin, tylosin da dangin cephalosporin. Oxytetracycline, wato allurar LA da ake yi wa tumaki, ita ma a bar ta. Haka nan garin maganin kaji da ake kaɗawa a ruwa, domin galibinsu haɗi ne, da wuya ka rasa ɗaya daga cikin waɗannan a ciki.

Abin da ka bayyana ma bai yi kama da ciwon da ke buƙatar antibayotik ba. Ya fi kama da ƙarancin bitamin C. Ɓeran Masar jikinsa ba ya haɗa wannan bitamin, dole sai ya ci shi kullum. Zomo yana haɗa nasa, shi ya sa masu yin abincin zomo ba sa damuwa da sa shi. Dusa da busasshiyar harawa kuwa kusan babu shi a cikinsu. Makonni biyu zuwa uku ba ɗanyen ganye, alamu sukan fara fitowa: jini yana taruwa a gaɓoɓi, musamman gwiwar baya, tafiya ta zama azaba, dasashi ya kumbura, haƙora su riƙa girgiza a gurbinsu har tauna ta gagara.

Lafiyayye yana buƙatar miligiram 10 zuwa 30 a kowane kilo a rana, mara lafiya ana kai shi 50. Naka bai kai kilo ba, saboda haka ka sayi farar ƙwayar bitamin C ta miligiram 100 a kemis, ka daka guda, ka narkar a mil 2 na ruwa, ka ba shi mil 1 da sirinji a baki sau ɗaya a rana. Ragowar ka zubar, gobe ka haɗa sabo. Kada ka zuba a ruwan shansa: zafi da haske suna lalata shi cikin sa'o'i, ɗanɗanon kuma kan sa ya ƙi shan ruwan. Kada ka maye gurbinsa da ruwan bitamin na yara mai haɗin iri-iri, domin kafin ya samu C da yake buƙata A da D sun yi masa yawa. Idan wannan ce matsalar, cikin mako guda za ka ga tafiya ta fara warwarewa.

Amma abin da zai iya kashe shi kafin nan shi ne yunwa. Hanjinsa ba ya jure zama babu komai. Sa'a goma sha biyu ba ci, an shiga haɗari: motsin hanji ya ragu, iska ta taru, hanta ta fara cika da kitse. Naka ya haura haka, don haka ɗura za ka fara a daren nan. Ka samu sirinji na mil 1, ka cire allurar, ka yanke kan bakin don ramin ya faɗaɗa, ka goge kaifin. Jiƙa abincin zomon da ruwa mai ɗumi, ka markaɗa shi da ɗanyar ciyawa da ɗan koren tattasai, kaurinsa ya zama kamar na koko. Naɗe shi a tawul, ƙafafunsa huɗu a ƙasa, kada ka kwantar da shi rigingine. Sa sirinjin ta gefen baki, a giɓin da ke bayan haƙoran gaba, ka tura rabin mil, ka jira ya tauna ya haɗiye. Idan ya daina tauna ka dakata, in ba haka ba abincin zai bi hanyar huhu, kuma wannan dabba ba ta iya amai balle ta fitar da shi. Mil 10 a zama ɗaya, duk bayan sa'a uku, har ya kai mil 60 zuwa 80 a yini da dare. Tsakanin ɗura ka ba shi ruwa ko ORS mil 3 zuwa 5.

Idan cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ka ɗan ƙwanƙwasa ka ji iska, tsayar da ɗura. Wannan na gaggawa ne, ba na gida ba.

Hajiya Mai Zomaye:

Dakta ya gama magana a kan magani. Ni zan taɓa keji da abinci, domin ko ya warke, in ya koma kan dusa zai sake kwantawa.

Raba shi da zomayen yau. Zomo kan ɗauki ƙwayar Bordetella a hanci yana yawonsa lafiya lau, amma ita ce ke sa wa ɓeran Masar ciwon huhu, wanda ya riga ya raunana kuwa shi ta fi kamawa. Ga shuri: bugu ɗaya da ƙafar baya ya isa ya karya masa ƙashi.

Ciyawa ce asalin abincinsa, ta kasance a gabansa dare da rana. Kyasuwa, harkiya da ɗanyar gamba duk suna yi, busassu ma suna yi muddin ba su yi fumfuna ba. A rani ka nema a fadama wurin masu lambu, ka tambaya ko an yi feshi, kada ka yanko ta bakin titi. Harawa ba laifi ba ce ga 'ya'ya da mai ciki, amma ga babban namiji kalsiyam ɗinta ya yi yawa, tana taimaka wa tsakuwar mafitsara. Haka zogale da alayyafo, ɗan kaɗan sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Dusa kuwa ƙiba kawai take sawa, kuma ba ta goge haƙori.

Ga bitamin C, gwaiba ce kan gaba, giram 100 nata ya haura miligiram 200, don haka yanki ɗaya ƙarami ya wadatar. Koren tattasai mara yaji yana da wajen 80, shi ya fi dacewa da kullum saboda ba shi da zaƙi. Ganyen dankalin Hausa suna sonsa. Kabeji kaɗan-kaɗan saboda iska. Albasa, tafarnuwa, piya, ganyen tumatir da na dankalin Turawa kada su kusance shi. Kuma tunda ya daɗe ba ɗanye, a shigar da su sannu a hankali, in ba haka ba zawo.

Zafi ma a kula. Sun fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, da ya haura 28 sun fara galabaita, mu kuwa watan Afrilu ya kan kai mu 40. Kada kejin ya zauna ƙarƙashin kwano. Ɗaki mai iska, jiƙaƙƙen buhu a rataye a gefe, da gorar ƙanƙara naɗe da tsumma ya jingina da ita.

Mai Kiwo Funtua:

Na gode Dakta, na gode Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Na raba su, ya karɓi mil 8 a ɗurar farko. Abu biyu: jiƙewar haɓar nan fa? Na duba haƙoran gaba, daidai suke. Sannan idan har sai an kai shi wurin likita, ina ya fi?

Likitan Ƙananan Dabbobi:

Haƙoran gaba huɗu ne kawai cikin ashirin, Malam. Sauran goma sha shida na tauna suna can ciki inda ido ba ya kaiwa, kuma dukkansu girma suke yi har ƙarshen rayuwa. Tauna ciyawa ce ke goge su. In babu ita, na ƙasa sukan karkata ciki har su yi wa harshe rumfa, na sama su soki kumatu. Dabbar tana jin yunwa, ta ɗauki abinci, ta kasa tura shi baya, yawu ya riƙa zuba. Ɗauka ya yar ɗin da ka faɗa shi ne ya sa nake zargin haka, kuma sau da yawa tare suke zuwa da ƙarancin bitamin C. Ramar giram 170 ma ba ta kwana biyu ba ce, abin ya jima yana cinsa. Wannan ba ya gyaruwa a gida. Sai an sa shi barci, an buɗe bakin, an goge. Kada kowa ya sa masa abin yankan farce ko filaya, haƙorin tsagewa yake yi har saiwa, daga nan sai ƙurji.

Daga Funtua, Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, shi ne mafi kusa da kai, ka nemi sashen ƙananan dabbobi. Ga masu karantawa daga wasu wurare, akwai irinsa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri, na Filato kuma suna da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom. Irin waɗannan wurare sun san ɓeran Masar saboda dabbar ɗakin gwaji ce.

Ko likitan karnuka da kyanwa ma zai iya yin abu mai yawa idan an auna nauyi daidai. Ya leƙa turamen, wato haƙoran tauna, da abin duba kunne, ya latsa ciki da mafitsara, ya saurari huhu, ya yi allurar ruwa a ƙarƙashin fata idan jiki ya bushe. Ka roƙi maganin zafi, domin mai jin ciwo ba ya ci. Meloxicam ake amfani da shi, wajen rabin miligiram a kilo, likita ne zai tsinka shi tunda ƙwayar mutane miligiram 7.5 ce, kuma sai dabbar ta samu ruwa a jiki saboda ƙoda. Dexamethasone da ake yawan haɗawa da kowace allura, ka ce a bar shi.

Idan an ga alamar ƙwayar cuta, misali majina, numfashi da ƙyar ko jini a fitsari, waɗanda hanjinsa ke jurewa su ne co-trimoxazole da enrofloxacin. Ruwan Septrin na yara, wanda shi ne co-trimoxazole, yana da miligiram 240 a mil 5, wato 48 a mil guda, a kan miligiram 30 a kilo naka zai sha kusan rabin mil safe da yamma. Enrofloxacin miligiram 5 zuwa 10 ne a kilo, amma na kaji mai kashi 10 cikin ɗari yana da miligiram 100 a mil guda, rabon naka bai kai kashi ɗaya cikin goma na mil ba. A nan ake yin kisa da kuskure. Sai an tsinka kashi ɗaya da kashi tara na ruwa kafin a iya aunawa. Ko da waɗannan biyun, in zawo ya fara, a tsaya a koma wurin likita.

Ranar tafiya kada ka hana shi abinci don za a sa shi barci, ba a yi musu dogon azumi irin na kare. Ka fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, a kwali mai ramuka da ciyawa a ƙasa, ba a but ɗin mota ba. Ɗauki sirinji da abin ɗura don hanya, da takardar nauyinsa da jerin magungunan nan.

Hajiya Mai Zomaye:

Ƙari ɗaya, ɗan'uwa. Auna shi kowace safiya kafin ɗura, ka rubuta. In nauyi ya tsaya ko ya ɗan hau, adadin ya isa. In ya sake sauka da giram 30 ko fiye a kwana ɗaya, ƙara yawan ɗurar. Shimfiɗa masa farin tsumma don ka iya ƙirga kashi ka kuma ga launin fitsari. Fitsari mai fari-fari kamar madara ba komai ba ne a wurinsu, ja ne abin dubawa. Idan sa'a takwas ta wuce babu kashi ko ɗaya, ko ka taɓa kunnuwa da ƙafafu ka ji sun yi sanyi, kada ka jira ranar da ka tsara, ka kama hanyar Zariya a lokacin.