Tsohon babur da ba ya caji: shawarwarin makanikai a Garwa

Jiya da yamma a rumfar wani bakanike a Garwa, ƙasar Kamaru, aka yi ta muhawara kan tsohon babur da batirinsa ke mutuwa kullum. Yawancinsu sun ce a fara da mita mai auna wutar batir kafin a sayi komai. Lafiyayyen batir a kashe yana nuna kusan volt 12.6. In an tada inji aka ja mai, ya kamata ya hau 13.5 zuwa 14.5. In bai motsa ba, caji ne ba ya zuwa. In ya wuce 15, rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar caji, ta lalace, ita ce ke tafasa batir tana ƙona ƙwan fitila.

Dattijon cikinsu ya dage kan wayar da ke ɗaure a jikin firam. Ya ce ƙura da tsatsa sun sa mutane sun zubar da sefa a banza suna sayen kwayil, wato naɗin wayar da ke samar da wutar caji. A kwance ta, a goge da sanfefa, a ɗaure tamau. Ni ma nan na fi yarda.

Zafin Afrilu kuma yana shanye ruwan batir, sai a ƙara tataccen ruwan batir na kanti, kada a zuba na rijiya. Fis in ya yawaita ƙonewa, a bi wayoyin ƙarƙashin tanki a nemo inda ta goge. Masu ɗaura waya a madadin fis sun sha faɗa.