Tarwadata na mutuwa bayan feshin albasa, me zan yi da ruwan?

Mai tambaya, daga Kwalkwalawa: Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa. Ina da kandamin ƙasa guda biyu a fadama, na zuba tarwada wata biyu da suka wuce. Daga wani lambatu da ke ɗebo ruwan Rima nake jawowa da inji. Jiya da hantsi na ƙara ruwa, kafin la'asar kifin ya fara juyi kamar mahaukaci, yana tsalle yana karkarwa, ƙananan suka fara kifewa. Har kwaɗi na tsinta matattu. Da na bi lambatun sai na tarar da inda aka wanke tankin feshi, ga kwalbar maganin ƙwari a yashe an rubuta saifametrin. Masu albasa ne a sama da ni, kuma mutanen kirki ne, ba na son rigima. Akwai abin da zan zuba ya kashe dafin? Wanda ya mutu fa, ana iya banda shi?

Wata Hajiya mai sana'ar kifi: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri ɗana. Banda dai kada ka soma. Wuta ba ta tsarkake kifin da guba ta kashe, kuma 'ya'yan mutane ne za su ci. Haƙa rami nesa da ruwa ka binne, kada kaji ko karnuka su kai gare shi.

Wani matashi daga Wamakko: Yaya, ka zuba alam da gishiri, ka jefa buhun gawayi a ciki. Haka na ga ana yi.

Malamin gona: Ƙanena na Wamakko, niyyarka mai kyau ce, amma bari in gyara. Gishiri yana rage wa kifi wahala ne kawai, ba ya taɓa maganin. Alam kuwa laka yake kwantarwa, kuma idan ya yi yawa yana sa ruwa tsami, ya ƙara wa kifin ciwo.

Mai tambaya, alamun da ka faɗa na guba ne. Da ƙarancin iska ne, da asuba za ka ga mutuwar, manya su riga ƙanana, kuma tarwada tana da juriya a nan domin tana leƙowa ta shaƙi iskar sama. Mutuwa da rana tsaka, ƙanana a gaba, ga karkarwa, ga kwaɗi, wannan aikin maganin ƙwari ne. Saifametrin da ɗan'uwansa lamda suna cikin mafi muni ga kifi. Ta wurin numfashinsa suke shiga jini kai tsaye, su rikita jijiyoyi, kuma jikin kifi ba ya iya karya su da sauri kamar na akuya ko tsuntsu. 'Yan miligiram kaɗan a ruwa lita 1000 suna kashe kifaye iri-iri. Abin da mutane ba su lura da shi ba, wannan dangin ya fi dafi a ruwan sanyi, ga shi feshin albasa da hunturu yake haɗuwa.

Yau ɗin nan: kashe injin lambatu, daina ba su abinci kwana biyu, kwashe masu rai zuwa ruwan burtsatse ko rijiya. Kada ka sa su a ruwan famfo mai kulorin. Idan babu inda za ka kai su, rage ruwan kandamin kana maye shi da mai tsabta, amma ka saki gurɓataccen a busasshen fili, kada ya koma kogi. Ɗebi ruwan a kwalbar gilashi, domin maganin yana manne wa roba, ka sa a sanyi tare da kifi biyu ko uku, ka je sashen kifi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su nuna maka inda ake gwaji. Kusa kake da su.

Wani dattijo, masunci: Yaro, Allah shi ba ka haƙuri. Mu mun ga wanga abu tun zamanin da marasa tsoron Allah ka zuba gamalin cikin gulbi. Rana guda su kwashe kihi, mu kuwa mu shekara muna jefa taru ba komi, don har ƙwai da 'yan ƙwarin da kihi ka ci duk sun mutu. Ka tahi wurin maƙwabtanka da sallama, ka ɗauki dattijo guda. Mafi yawansu ba su san wankin tanki na kisa ba.

Malamin gona: Gaskiya ne Baba. Gamalin ɗin nan maganin ƙwari ne mai suna lindan, an sa shi cikin jerin haramtattu na yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm a 2009, saboda yana daɗewa a ƙasa kuma yana taruwa a kitsen kifi har ya iso cikin mutum.

In koma kan gawayi, don akwai gaskiya a maganar. Wanda ke kama maganin ƙwari sosai shi ne gawayin tace ruwa, irin wanda gidajen fiya wata ke cika tankinsu da shi. An gasa shi ta yadda ya cika da ƙofofi ƙanana, maganin yana maƙalewa a ciki. Gawayin girki ma yana kamawa, amma kaɗan. Kuma jefa buhu a kandami ba ya aiki: dole ruwan ya ratsa ta cikinsa a hankali, a cikin duro, yashi a gaba don ya tare laka. Idan gawayin ya ƙoshi sai a canza, in ba haka ba ruwan wucewa kawai yake yi. Ga kandami biyu kuɗin zai yi maka nauyi, shi ya sa na fi son ka haƙa ƙaramin kandami na uku, na hutun ruwa. Saifametrin ba ya son narkewa, laka yake bi. Ruwa ya kwana uku zuwa mako a can, laka ta kwanta da kaso mai yawa, rana ta karya wani. Ka ɗiba daga sama. Kafin ka tura shi kandamin kifi, sa 'yan ƙananan kifi biyar a bokiti da ruwan su kwana, su ne alƙalanka.

Kandamin da abin ya shafa kuwa, kankare lakar saman, bar shi ya bushe har ya tsattsage, ka barbaɗa laim, wato farar hodar da ake gyara ƙasar kandami da ita, kafin ka sake cika shi.

Hajiya: Malam, to masu shan ruwan lambatun fa? Akwai mata da ke ɗiba. Tafasawa ta isa?

Malamin gona: Ba ta isa ba, ranki ya daɗe. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, maganin feshi yana nan. Su koma burtsatse har feshi ya wuce.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na binne matattun, na kwashe sauran zuwa tankin ƙanena, da yawa sun fara motsi daidai. Bayan magariba na je da kawuna wurin masu albasar. Wallahi kunya ta kama su, sun ce yara ne suka wanke tankin. Mun yi da su za su riƙa wanki a rami can cikin gona, kuma za su kira ni ranar da za su yi feshi in rufe injina. Malam, gobe zan fara haƙa kandamin hutun, zurfin nawa zan yi masa?