Balaga da wuri: ta wajen uwa ake gado ko ta wajen uba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Idan yarinya ta fara ƙirgar dangi tana shekara 6, hoton ƙwaƙwalwa bai nuna komai ba, amma aka ce gwaggonta ma ta fara al'ada da wuri, shin gado ne? Me ya kamata a auna?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Maganar gwaggon nan ita ce abin lura. Ƙwayar gadon da aka fi samu a irin wannan ita ce MKRN3, a kan kromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 15, wadda aka gano alaƙarta da matsalar a 2013. Aikinta ta danne sinadarin GnRH, mai tayar da balaga, a ƙwaƙwalwa har lokacin balaga ya yi. Idan ta lalace, sai ya fara fita tun ba a je ko'ina ba.

Kwafin da yaro ya samu daga uwa a kulle yake, na uba ne kaɗai ke aiki. Don haka uwa mai ɗauke da lalatacciyar ba za ta sa 'ya'yanta balaga da wuri ba, amma ɗanta namiji zai iya miƙa wa nasa 'ya'yan, kowannensu rabi da rabi. Ƙwayar gado DLK1 da ke kromosom na 14 ma haka take bi. A tambayi uban yarinyar yaushe muryarsa ta buɗe, kuma ko ya fi danginsa gajarta, domin a maza abin yakan wuce ba a lura ba.

Amsa ta 2: Kafin gwajin gado, 'yar uwa, a tabbatar daga sinadarin ƙwaƙwalwa abin yake. Iyakar balaga da wuri ita ce ƙasa da shekara 8 ga mace, ƙasa da 9 ga namiji. A yi hoton ƙashin hannun hagu a ga ko ƙashi ya girmi shekarunta, a ɗibi jini da safe a auna LH, sinadarin da GnRH ke sa a fitar. Idan bai fito fili ba, a yi allurar GnRH a sake aunawa. Ya haura 5 IU/L, daga ƙwaƙwalwa ne.

Idan LH ya kwanta kuma ga alamun balaga, a duba wani wuri. Tabo ruwan ƙasa mai karkataccen baki a fata tare da jini irin na al'ada mai zuwa yana ɗaukewa, wannan ciwon McCune-Albright ne, canji a ƙwayar gado GNAS, kuma ba a gadonsa. Gashin mara da kuraje ba nono, a auna sinadarin 17-OHP a jini saboda matsalar ƙwayar gado CYP21A2, wadda sai iyaye biyu sun haɗu suke ba da ita. Namiji ɗan shekara 2 zuwa 4 mai alamun balaga kuwa a tuna da ƙwayar gado LHCGR. Allurar da ke maganin na ƙwaƙwalwa ita kaɗai ba ta taɓa waɗannan.

Mai tambaya: Na gode, Likita. To idan aka samu MKRN3, magani zai canja?

Amsa ta 2: A'a. Allurar leuprolide ko triptorelin ce, duk wata ko duk wata 3, kuma tana aiki sosai. Ɗan jini bayan allurar farko ba abin tsoro ba ne. Jinkirta allura shi ne ke ɓata aiki, sinadarin balaga ya farka, ƙashi ya rufe, tsayi ya tafi. Amfanin gwajin yana kan ƙannenta: a riƙa auna tsayinsu duk wata 6, mazan a duba girman marainansu, ya kai mililita 4 kafin shekara 9 a kai su asibiti.